Fanel Ɗin Da Yaya Sabi'u Ya Ƙi Tsallakewa

Sanyin bana ya cika shekara goma sha shida da muka binne Yaya Sabi'u a maƙabartar Musulmi ta birnin Guangzhou. Mu tara ne a bayan liman, kowa hannuwansa cikin aljihun rigar sanyi har sai da aka zo kabbarar farko. Ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara bakwai, kuma shi ya tarye ni a filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar Sin. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa a jarida ba, alhali rubutu ne abin da aka fi sanina da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne abin da na gani watan jiya a gidan 'yarsa Hadiza a Jos, wanda har yanzu bai bar hankalina ya kwanta ba.

Kafin ya fara zuwa Sin, Yaya Sabi'u mai gyaran rediyo da talabijin ne a Kano. Da sana'ar ta yi nisa, abokan aikinsa suka riƙa tura shi ya sayo musu kayan gyara, har zuwan ya zama zama. Ni kuwa aikin gwamnati na ajiye na bi shi, na tafi da ɗabi'ar ofis wadda ban iya rabuwa da ita ba. Duk abin da na gani sai na rubuta shi a littafi da ranarsa: adireshin masana'anta, sunan titi, lokacin da jirgin ruwa ya tashi. Saboda haka ya laƙaba mini Akawu, sunan ya bi ni har gida.

Mu uku muke zaune a wani gidan haya a unguwar Dengfeng: shi, da ni, da Alhaji Sani, wani ɗan Maraɗi mai sarin takalma, mutum mai fara'a da buɗaɗɗen hannu. Mutanen Guangzhou ba su saba dumama gida ba, domin garin zafi ne a mafi yawan shekara. Amma mai gidanmu ɗan arewacin ƙasar ne, ya zo da al'adarsu, ya kafa tukunyar dumama ruwa mai aiki da gas a jikin bangon baranda. Farin akwati ne da bai fi jakar tafiya girma ba, yana dafa ruwa ya tura shi cikin bututai zuwa ɗakuna da banɗaki. Shekara guda muka yi ba mu kula da shi ba sai don wanka.

Sai ga sanyin farkon shekarar da aka yi wasannin Olympics a ƙasar. Waɗanda suka kasance can ba su manta da shi ba. Ruwa na sauka ba ƙaƙƙautawa, jiragen ƙasa sun tsaya, mutane sun yi cincirindo a tasha suna neman hanyar komawa garuruwansu don bikin sabuwar shekararsu. A daidai wannan lokaci tukunyar ta fara kashe kanta. Za ta kama, ta yi minti goma ko ashirin, sai a ji ƙas, wutar ta ɗauke, wasu haruffa su fito a ɗan gilashin gabanta suna ƙiftawa. Na buɗe shafi na musamman ina rubuta ranar da lokacin da haruffan. A kwana huɗu na cika shafin. Mun kira mai gida ya turo mai gyara, ya amsa da kalmar da kowane ɗan kasuwa ya sani a can, meyo, wato babu. Duk masu gyara sun tafi ƙauye.

A nan ne muka juya kan Yaya Sabi'u, muka nemi ya yi mata dairek.

Wajibi ne in yi adalci ga wannan al'ada kafin in soke ta, domin ba daga wauta ta fito ba. Mun taso a ƙasar da wutar lantarki ke hawa da sauka yadda ta ga dama, kuma kayan gyara ba sa samuwa. In na'ura ta ƙi tashi saboda wani ɗan abin tsaro a cikinta ya hana, mai gyara sai ya tsallake shi da guntun waya, na'urar ta tashi, a ce ya iya aiki, dairek ke nan. Haka ake yi wa firji, da injin ban ruwa, da janareto. Shi kansa Yaya Sabi'u ya sha gaya mini cewa fiyus ɗin da ya maye da zaren waya a Kano ba su ƙirguwa. A idonmu, duk na'urar da ta tsaya da kanta taurin kai take yi, kuma maganin taurin kai sananne ne.

"Bon, Sabi'u," in ji Alhaji Sani, yana naɗe cikin bargo biyu a kan kujera, "kai ne injiniya ko kuwa ɗan katakon da ke cikin akwatin nan? Ka yi mata dairek mu huta."

"Alhaji," in ji Yaya Sabi'u, "mutumin da ya tashi a bakin sahara shi ne ke kuka da sanyi haka?"

"Namu sanyin yana da kunya, yana tafiya da hantsi. Wannan ba shi da iyaye."

Na sa baki, kuma ina jin nauyin abin da na faɗa har yau. Na ce masa shafina ya nuna ta mutu sau ashirin da uku ba tare da dalili ba, don haka a bayyane yake fanel ɗin ya lalace. Fanel shi ne sunan da masu gyara ke kiran allon lantarkin da ke sarrafa na'ura. Ya dube ni ya ce, "Akawu, ka rubuta sau nawa ta mutu. Ka rubuta ba dalili. Wannan na biyun wa ya gaya maka?"

Da hantsin ya ɗan ɗaga, ya rufe gas, ya cire murfin tukunyar, ya kira mu. Allon kore ne, bai fi tafin hannu biyu ba, wayoyi na shigarsa ta ko'ina. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinken sukudireba. Wannan daga ma'aunin zafin ruwa take. Wannan tana gaya masa ko akwai isasshen ruwa a bututu. Wannan tana shaida masa cewa wuta ta kama da gaske. Wannan kuma tana tabbatar masa fanka na fitar da hayaƙi waje. Ya ce in ka buɗe famfo, ba gas ke fara zuwa ba. Allon zai fara tayar da fanka, ya jira shaida cewa iska na wucewa, sannan ya ƙyasta, sannan ya buɗe wa gas ƙofa, kuma in bai ga wuta cikin ɗan lokaci ba ya rufe. Yana kuma rage wutar ko ƙara ta gwargwadon zafin da aka nema, yana tayar da famfon da ke zagaya ruwa a ɗakuna. Duk lokacin da tukunyar ke ci, tambayoyin nan yake ta maimaitawa, kuma amsa ɗaya in ta saɓa sai ya tsayar da komai.

"Shi ba ya da wuta, ba ya da ruwa, ba ya da gas," in ji shi. "Izini kawai gare shi. Talabijin in na tsallake mata fiyus, ita za ta ƙone. Wannan in na tsallake shi, ba ita za ta mutu ba."

Ya ce hayaƙin da gas ke bayarwa in bai sami isasshiyar iska ba ba ya da launi, ba ya da wari. Mutum zai ji kansa na sarawa, jikinsa ya mutu, barci ya ɗauke shi. Sannan ya nuna mini wata waya guda, wadda ke kawo shaidar fitar hayaƙi, ya ce ita ce marasa tsoron Allah ke tsallakewa. Na zana allon a littafina, na yi wa wurin da'ira da jan biro. A ƙasa na rubuta gargaɗi cewa kada a taɓa haɗa nan, na rubuta shi da Turanci, domin haka aka koya mini rubuta duk abin da ke da muhimmanci.

Dalilin mutuwar tukunyar bai ɗauke shi minti biyar ba. Mun tara dilolin takalman Alhaji Sani da kwalayena a baranda, kuma da ruwa ya matsa muka zagaye barandar da tamfol don kada kaya su jiƙe. Ni na ɗaure shi da hannuna. Bakin bututun hayaƙin ya koma cikin tamfol, tukunyar tana shaƙar abin da ta fitar. Ya yanke igiya, ya naɗe tamfol ɗin, ya kunna. Ba ta sake mutuwa ba har sanyin ya wuce. Sau ashirin da uku allon ya hana mu abin da muke roƙo, mu kuwa muna zaginsa.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga gidajenmu na yau. A lokacinsa gas na masu hali ne. Yanzu tukunyar gas ta shiga kusan kowane lungu, kuma hitar wanka mai aiki da gas, irin wadda muke gani a kantunan can, ta fara shiga gidajen sababbin ma'aurata. An kawo na'urar, ba a kawo tsoronta ba. Takardar bayaninta tana zuwa da harshen da mai gida bai iya ba, a jefar da ita tare da kwali. Mai kafa ta yakan zama wanda jiya yake gyaran fanka. Ban ga hukumar da ke bin gida gida tana duba inda bututun hayaƙi ya fita ba, kuma ban ji an taɓa tambayar mai gyara shaidar cewa ya san bambancin talabijin da abin da ke ƙona gas a ɗakin da aka rufe. Wannan sakaci ne, kuma ba na jin akwai wani suna mai laushi da ya dace da shi.

Da wasannin suka matso, zaman baƙi ya yi wuya. Sabunta biza ya zama sai mutum ya koma ƙasarsa, masu gidaje suka fara ɗari-ɗari da mu. Gidan Dengfeng ya watse. Yaya Sabi'u ya koma Kano jiran takarda, ni na raɓa wurin wani aboki, Alhaji Sani ya kama ɗaki mai sauƙi a unguwar Sanyuanli. Ranar da za mu rabu ya roƙe ni adireshin masana'antu da na masu jigilar kaya da ke littafina. Na ba shi littafin ya kai shagon hoto, suka ɗauki kowane shafi daga farko har ƙarshe. Ban ga aibin hakan ba.

Yaya Sabi'u ya dawo a sanyin da ya biyo bayan wasannin. Da yake ba ni da wurin sauke shi, Alhaji Sani ya ce ya sauka wurinsa. A banɗakin ɗakin akwai ƙaramar hitar gas, ita ma da nata allon, kuma ta yi mako tana ƙin kamawa. Alhaji Sani ya gaya mini daga baya cewa ya leƙa waje ya duba bututun, bai ga tamfol ba, bai ga dila ba, sai ya yanke cewa wannan karon fanel ɗin ne da gaske. Bai san fankar cikinta ce ta gaji ba. Mako guda yana wanka da ruwan sanyi bai damu ba. Amma baƙo na zuwa daga tafiyar kwana biyu, kuma kunya ta hana shi barin baƙonsa ya yi wanka da ruwan ƙanƙara. Da safen ranar ya ɗauko takardar da ke ɗauke da zanena. Faransanci ya karanta, da ajami, bai iya Turanci ba. Da'irar kuwa ba ta buƙatar harshe. Ya nemo irin wurin a allon hitarsa ya haɗa, ya mayar da murfi, ruwa ya yi zafi. Tagar banɗakin tun farkon sanyi ya liƙe ta da salatif.

Yaya Sabi'u ya iso bayan azahar, suka ci abinci, ya shiga wanka, Alhaji Sani ya sauka sayo lemo. Ina wani sito a bayan gari aka kira ni. Kafin in iso an riga an fito da shi. Mutumin da zai gane haɗin da kallo ɗaya bai sami dalilin cire murfin ba, domin ruwan na zuwa da zafi, kuma gidan aboki ne.

Bayan kwana uku Alhaji Sani ya miƙo mini takardar. Na ga rubutuna. Ban iya zaginsa ba. Ya tattara ya koma Maraɗi a wannan shekarar, kuma ban ji ya sake zuwa Sin ba. Ga iyali kuwa, abin da na rubuta a wasiƙa shi ne iskar gas ta kama shi a banɗaki. Gaskiya ce, amma na zaɓi iya abin da zan iya ɗauka daga cikinta. Ni da ke fushi in aka sauya rana ɗaya a takardar taro, na bar wannan giɓin shekara goma sha shida.

Watan jiya na je Jos sunan ɗan Hadiza. Tana da shekara shida lokacin da mahaifinta ya rasu. An sa wa yaron sunansa, don haka kowa a gidan Abba yake ce masa. Mahaifiyarta, Yaya Rabi, ta zo daga Kano tana kula da wankan jego, safe da yamma, da ruwa mai zafi kamar yadda aka saba. Mijin Hadiza, Nasiru, yaro ne mai kirki, kuma don ya hutar da surukarsa dafa ruwa da itace a sanyin Jos ya sayi hitar gas ya sa aka kafa a banɗaki.

Washegarin suna muna zaune a falo bayan la'asar, Hadiza ta fito daga wanka ta jingina da bango. Na tambaye ta lafiya. Ta ce, "Kaina ne, Baffa. Kullum in na fito sai ya yi ta sarawa, kamar in kwanta a wurin." Yaya Rabi ta ce jego ne, ita ma haka ta yi a haihuwar fari. Nasiru, yana son ya nuna mini ƙoƙarinsa, ya ce ai da farko hitar ta ba su wahala, tana ta ɗaukewa ana tsakiyar wanka, amma ya samo wani mai gyara ya yi mata dairek, yanzu ko gezau.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga banɗakin. Tagar a rufe take, an toshe gefenta da tsumma saboda iska. Bututun hayaƙin ya shiga cikin silin, bai fita ko'ina ba. Na ce a kashe ta yanzu. Nasiru ya yi murmushin ladabi ya ce, "To Baffa, za a duba in sha Allahu," irin amsar da ake ba dattijo don ya zauna. Na gane cewa in ban ba shi dalili ba, wankan safe zai gudana yadda aka saba. Dalili ɗaya ne gare ni.

Na koma falo na faɗa musu komai, da tamfol ɗin, da jan biron, da takardar. Na faɗi cewa zanen da aka bi aka kashe mai gidansu da hannuna na yi shi. Hadiza ta sunkuyar da kai kan jaririn. Yaya Rabi ta dube ni.

"Akawu," ta ce, "kai da ba ka iya riƙe maganar cefane ba ka rubuta, wannan ka riƙe?"

Na ce na riƙe.

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Kwanansa ne ya ƙare." Ta gyara mayafinta ta miƙe, ta nuna Hadiza. "Amma na wannan bai ƙare ba."

Ta fita tsakar gida da kanta ta murɗe kan tukunyar gas ɗin, ta ce wa Nasiru ya nemo itace kafin magariba. Bai ce za a duba ba. Kafin in bar Jos mun sami wani mai gyara da ya yi karatun abin, ya cire guntun wayar, ya fasa bango ya fitar da bututun waje. Wayar tana cikin aljihun jakata, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Na san gida ɗaya na gani, kuma shi ma don an yi suna ne. Mai gyaran da ya yi wa Nasiru aiki yana nan yana yawo da jakarsa, ana yaba masa, kuma ban san banɗaki nawa ya shiga a sanyin nan ba. Ban san mace nawa ke fitowa daga wanka da ciwon kai ana ce mata jego ne ba. Wannan ne ya sa na kawo maganar jarida maimakon in bar ta a littafi, kuma na rubuta ta da Hausa. Duk mai irin wannan na'ura a gidansa, in ta kashe kanta, ya bar ta a kashe, ya buɗe taga, ya nemi wanda zai binciko abin da ta gani. Kada ya yarda a tsallake mata allo, ko mai gyaran ya rantse.

Yaya Sabi'u bai bar gida a Kano ba, shagonsa ma an daɗe da mayar da shi wurin sayar da waya. In na auna abin da ya rage nasa, ban ga abin da ya fi wancan hantsin a baranda ba, da ya tsaya cikin sanyi, ƙaninsa da abokinsa na matsa masa, ya ƙi yin abin da hannunsa ya fi sabawa da shi. Kwana huɗu muka yi muna rawar ɗari bai yi mata dairek ba, kuma dalilin da ya sa nake raye ke nan.

Kowace Juma'a ina kiran Jos. Bayan gaisuwa, kafin in tambayi Abba, hitar nake tambaya. Makon jiya Hadiza ta ce mini ranar Talata ta ɗauke ana tsakiyar wanka, ruwan ya koma ƙanƙara, Nasiru ya yi ta mita. Na tambaye ta me suka yi.

"Mun bar ta, Baffa. Mun buɗe taga, mun kira mutumin."

Na ce alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya sa sanyin kabarinsa na rahama ne.